Doki Nawa Babur Ke Buƙata Kafin Ka Ji Daɗin Titi?

Duk wanda ya taɓa raka aboki Farm Centre sayen waya ya san yadda cinikin ke tafiya. Ba a tambayar me za a yi da wayar, lamba ake tambaya. RAM nawa ce? Kyamara megafiksel nawa? Sai ka ga mutum ya yi ciko mai yawa don ya samu RAM 12, alhali WhatsApp da TikTok da kira ne iyakar aikinsa. To wannan cutar ta bi mu har kan babur. A majalisarmu idan aka soma hirar mashin, ba a minti biyar sai wani ya zaro waya ya nuna bidiyon Hayabusa ko R1, ya ce wannan ai doki kusan 200 ne, sauran kuma su yi shiru kamar an kawo hujjar da ba a ja da ita.

Ni kam ina ja. Shekara huɗu ke nan ina hawan mashin kusan kullum, cikin gari da wajen gari, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: mutum ɗaya a irin titunanmu, doki 20 zuwa 30 ya ishe shi ya ji daɗin da ake ji a kan babur. Ƙasa da 12 za ka takura da zarar ka bar gari. Sama da 45 kuwa kuɗi kake biya na abin da ba ka da wurin da za ka yi amfani da shi.

Bari na fara warware wani abu da ake yawan cakuɗawa, wato cc da ƙarfin doki. Cc faɗin cikin silinda ne, yawan iska da fetur da injin ke zuƙa. Ƙarfin doki kuma shi ne yawan aikin da injin ke iya yi a daƙiƙa. Doki ɗaya wajen wat 746 ne, ka ga ke nan ƙaramin janaretan nan da ake kunnawa don fanka da cajin waya bai wuce doki ɗaya ba. Cc ba ya gaya maka doki nawa za ka samu. Royal Enfield Classic 350 yana ba da doki wajen 20, KTM 390 Duke da bai fi shi cc da yawa ba yana ba da sama da 40. Duk wanda ya taɓa ganin kwamfuta biyu masu GHz iri ɗaya, ɗaya na tashi ɗaya na jan ƙafa, zai gane abin da nake nufi.

Mashinan da muka saba da su kuwa, Boxer 100 na 'yan acaɓa doki wajen 8 ne. Boxer 150, wanda shi nake hawa yanzu, wajen 12. Tsohon Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa tun 1975 musamman don ƙasashe irin namu, kuma yawancin mashinan Chana da ke kasuwa daga jikinsa aka kwaikwayi injinsu, wajen 11. A ɗaya ɓangaren, Yamaha R6 yana haura 115, Hayabusa na yanzu wajen 190. Tsakanin 12 da 115 akwai fili mai faɗi, kuma abin mamaki shi ne kusan babu mai maganar wannan filin. Daga roba-roba sai mafarkin R1.

Wani dare da aka ɗauke wuta, ba ni da aikin yi, na zauna na rubuta ɗan lissafi da Python don na ga doki nawa ake buƙata a riƙe kowane gudu a miƙaƙƙen titi. Ba wani abu ne mai wuya ba, fiziks ɗin sakandare ne. Na ɗauka mutum da mashin kilo 200, mutumin yana zaune a miƙe kamar yadda muke zama. Kiyasi ne, ba gwajin masana'anta ba, amma ga abin da ya fito. A kilomita 60 cikin awa, doki 3 ya isa. A 80, wajen 7. A 100, wajen 13. A 120, sama da 20. Ka lura da yadda lambar ke tsalle. Dalili kuwa iska ce. Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana ninkuwa sau takwas duk lokacin da ka ninka gudu sau biyu. Shi ya sa Boxer 150 ke ƙure maleji a wajen 100, ba don ya lalace ba, iyakar dokinsa ke nan.

Wannan lissafin ya nuna mini abu biyu. Na farko, a cikin gari ƙarfin inji ba matsala ba ne sam. Daga Kabuga zuwa Zoo Road, tsakanin danja da shataletale da A Daidaita Sahun da zai tsaya gabanka ba sigina, da wuya ka riƙe 50 na minti guda. A ƙa'idar hanya ta hukumar kiyaye haɗurra ma, iyakar gudun babur kilomita 50 ne. A nan doki 8 ya yi, har da saura. Wanda duk bai fita gari ba, ya riƙe roba-robarsa ya ajiye kuɗinsa, maganata ba da shi nake ba.

Na biyu shi ne inda ƙaramin mashin ke ba da kunya, kuma wannan a jikina na koya. Lokacin ina da mai cc 100, wani aiki ya kai ni Kazaure, zan haɗa wa wani mai shago manhajar lissafin kaya. Cikin hunturu ne, iska na busowa daga arewa maso gabas, ni kuma arewa na nufa, wato kusan gaba da gaba muke da ita. Bayan Ɗambatta na cimma wata tirela tana tafe wajen 70. Ƙura da hayaƙinta suka dame ni, na leƙa na ga hanya fili, na fita na murɗe totur har ƙarshe. Mashin ya yi ƙara, amma tirelar nan sai ka ce tsayi ake ƙara mata. Na kai wajen tayoyin tsakiya sai ga mota ta ɓullo daga nesa tana ba ni wuta. Gaba ba ƙarfi, baya kuma ta yi nisa. Allah ya sa direban tirelar ya gan ni a madubi ya ɗan sassauta, na samu na shige da ƙyar. Sai da na tsaya gefen titi na zauna ƙafata ta daina rawa.

Daga baya na zuba abin a lissafi. Tirela da tazarar da kake bari gaba da baya, ka ce mita 50. Idan tana 70 kai kuma iyakarka 80, daƙiƙa 18 za ka yi a hannun da ba naka ba, ka ci mita 400 na titi. Idan mashin na iya kai ka 100 nan take, daƙiƙa 6 ne, mita 170 bai cika ba. Ga kuma iska: idan tana buso ka da gudun kilomita 20, keta ta kaɗai a 80 yana tashi daga doki 5 zuwa sama da 8, wato duk abin da injina yake da shi a ranar. Ba ina kiran kowa ya karya doka ba ne, kuma mafi hankali a ranar shi ne na haƙura na zauna bayan tirelar. Amma duk wanda ke hawa babban titi ya san cewa wanda ke tafe a hankali a gefen kwalta shi motocin haya ke turawa burji.

To a nan ne nake ganin amfanin doki 20 zuwa 30. Ba don ka riƙa gudu 120 ba, a'a, don idan kana tafe a 80 ya zama rabin injin ma ba ka taɓa ba. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan sarai. Sabar da ke aiki a kashi 95 cikin ɗari kullum, ranar da mutane suka ɗan ƙaru sai ta faɗi. Wadda ke zaune a kashi 40 zuwa 50 kuwa tana shanye cunkoso ba ka ma sani ba. Amma kuma babu mai hankalin da zai kama hayar saba mai ƙwaƙwalwa 64 don shafin da mutum ɗari ke shiga a rana. Sarari ake so, ba ɓarna ba. Injin da ba a ƙure shi ba ya rage karkarwa, hannunka ba ya mutuwa bayan awa ɗaya, ring da fistin suna daɗewa, kai kuma hankalinka na kan titi maimakon kan maleji.

Ɗaya ɓangaren kuma na ɗanɗana shi. Wani abokina ya sayi mai cc 600 na hannu, irin na tsere, ya ba ni na yi yini biyu da shi. Ba zan ɓoye ba, minti goman farko na ji abin da ban taɓa ji ba. Ƙarar kaɗai sai ta sa tsigar jikinka ta tashi, kuma duk danjar da ka tsaya sai an juyo an kalle ka. Bayan nan fa sai wahala. Irin waɗannan injinan ba sa farkawa sai sun haura juyi dubu takwas ko tara a minti, kuma giyar farko kaɗai tana kai ka wajen kilomita 100. Ka ga ke nan a cikin Kano giya ɗaya da biyu na yini ina yi, hannu a kan kuloci har ya ƙage. Ga zafin inji yana gasa mini cinya a cunkoson Ƙofar Nasarawa, ga zama a duƙe kamar mai ruku'u, ga nauyin kusan kilo 190 da za ka juya a lungu. Kowane tudun rage gudu sai na lallaɓa kada cikinsa ya daki ƙasa.

Da na fita titin Zariya na samu wuri na ɗan buɗe shi. Daƙiƙa huɗu, ko biyar. Kafin na ankara allura ta wuce inda ban taɓa kaiwa ba, sai na hango wani abu a gaba, ban ma tantance akuya ce ko leda ba, na saki totur. Shi ke nan. Yini biyu da mashin mai doki sama da 100, jimillar lokacin da na yi amfani da ko rabinsu bai kai minti ɗaya ba. Da na koma kan Boxer ɗina washegari, na hau hanyar Tiga da sassafe, ina sa giya ina cirewa, ina murɗe totur a fitowa daga kwana, ina jin injin yana ba da duk abin da yake da shi, wallahi na fi jin daɗi. Daɗin babur yana cikin yin aiki da injin, ka ja shi ya amsa. Mashin da kake jin tsoron murɗa masa totur, shi ke hawanka.

A harkarmu, idan manhaja na jan ƙafa, ba ka fara sayen sabuwar kwamfuta, sai ka nemo inda abin ya maƙale. Sau da yawa za ka tarar ba furosesa ba ce, intanet ce ko rumbun bayanai. A kan titinmu ma inda abin ya maƙale ba inji ba ne. Rami ne da ba ka gani sai ka zo kansa. Yashi ne da damina ta zubo a kwana. Shanu ne, da yaro da ya ƙetaro da gudu, da motar da ta biyo hannunka da dare da fitila ɗaya. Duk waɗannan birki suke nema, ba totur ba. Shi kuma birki lissafinsa ba ya wasa: idan ka ninka gudu sau biyu, tazarar tsayawa tana ninkuwa sau huɗu. A kwalta mai kyau da taya mai kyau, daga 60 kana buƙatar wajen mita 20 bayan ka kama birki. Daga 120, wajen mita 80. Ka ƙara daƙiƙa ɗaya da ƙwaƙwalwarka ke ɗauka kafin hannu ya motsa, wanda a 120 mita 33 ne ka riga ka shafe. Doki 100 ba ya rage ko taku ɗaya daga wannan, sai dai ya kai ka gudun da sauri.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawarar ba. A Tarayyar Turai lasisin babur hawa-hawa ne. Akwai A1, cc 125 da doki wajen 15. Akwai A2, wanda aka ƙayyade a kilowat 35, wato doki 47. Sai ka yi shekaru a kai ko shekarunka na haihuwa sun kai kafin a ba ka wanda ba shi da iyaka. Saboda wannan dokar ne kamfanoni ke ƙera mashina daidai wannan layin, irin su Honda CB500 da Kawasaki Ninja 400, kuma mutane na zagaye nahiyar da su a manyan tituna masu santsi. Faransa ta daɗe tana hana babur wuce doki 100 a titinta, sai a 2016 ta janye. Su kansu masu ƙera manyan, bayan Hayabusa ta fito a 1999 ta haura kilomita 300, sai suka daidaita a tsakaninsu suka tsayar da gudu a 299 don kada gwamnatoci su sa musu hannu. Idan doki 47 ya ishi mai hawa titin Jamus, ban ga abin da mai bin hanyar Gwarzo zai yi da 150 ba.

Akwai kuma abin da lambar doki ba ta nunawa, kuma shi ne ka fi ji a jikinka. Lambar da ake bugawa a takarda ƙololuwa ce, a can saman juyin inji, kamar makin da waya ke ci a gwajin AnTuTu. Abin da kake ji kullum shi ne ƙarfin ja a ƙasa da tsakiya, lokacin da ka tashi daga danja ko ka fito daga kwana. Inji mai silinda ɗaya ko biyu da ke ba da jansa da wuri ya fi daɗin sha'ani a titi fiye da mai silinda huɗu da sai an yi masa ihu. Royal Enfield Himalayan na farko, mai cc 411, doki 24 da ɗoriya kawai gare shi, amma da shi mutane ke hawa duwatsun arewacin Indiya da kaya niƙi-niƙi. Nauyi ma haka. Doki 25 a kan kilo 140 ya fi rai fiye da doki 35 a kan kilo 220, kuma ranar da ya faɗi a yashi kai kaɗai za ka ɗaga abinka. Masu lantarki da suka fara shigowa suna ƙara tabbatar da wannan, don motar lantarki tana ba da janta tun daga tsaye, sai ka ji mashin mai ƙaramar lamba yana fizga kamar babba a cikin gari. Matsalarsu batir da wurin caji ne, wannan kuma hirar wata rana ce.

Na san abin da masu manyan mashina za su ce, kuma ba duka ne zan watsar ba. Wanda ke ɗaukar mutum a baya da jaka, yana Kano zuwa Abuja ko Jos a kai a kai, doki 25 zai yi masa kaɗan. Shi ne na ce har 45, kuma a wannan ajin za ka samu birkin faifai gaba da baya, sau da yawa har da ABS, wanda ke hana taya ƙullewa idan ka danne birki a firgice. Indiya ta wajabta shi a kan duk sabon babur da ya haura cc 125 tun 2019, kuma ni da za a ba ni zaɓi tsakanin ƙarin doki 20 da ABS, ba zan yi dogon tunani ba. Wasu kuma za su ce su ƙarar da kwarjinin suke so. Wannan gaskiya ce, kuma kuɗinsu ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a gaya wa yaro ɗan shekara 20, wanda roba-roba kaɗai ya taɓa hawa, cewa in ba 600 ba bai hau mashin ba. A ƙaramin mashin idan hannunka ya zame ka murɗa totur fiye da kima, ƙara za ka ji. A mai doki 115, tayar gaba ce za ta tashi ko ta baya ta zame, kuma titi ba shi da maɓallin komawa baya. Mafi yawanmu ko hular kwano ta kirki ba mu da ita, balle riga da safar hannu.

Sai aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya koyi lissafin lita. Nawa yana ba ni kilomita 40 da wani abu a lita ɗaya. Na abokina bai kai 20 ba ko an lallaɓa shi. Tayarsa ta baya guda ɗaya ta fi kuɗin tayoyina biyu da cen da baƙin mai a haɗe, kuma ba ta daɗewa. Ranar da fitilar inji ta kama masa, bakaniken da ya kai wa ya duba ya rasa kafireto, don injin na allura ne mai kwamfuta. Ya kwance abin da bai kamata ya kwance ba, mashin ya yi wata biyu a jingine ana jiran wata 'yar na'ura daga Legas. Boxer kuwa ko a ƙauyen da ba sabis ya tsaya maka, za ka samu mai gyara da kayan gyara a ƙarƙashin bishiya. Wannan ma yana cikin abin da nake kira jin daɗi, ka fita da safe ba ka tunanin wa zai ɗauko ka idan abu ya faru. A nan ne ma matsakaitan mashinan ke da rauni a kasuwarmu, don kayan gyaran cc 250 zuwa 400 ba su kai na Boxer samuwa ba. Kafin ka saya, ka fara zagaya 'yan kayan gyara ka tambayi fulogi, faifan kuloci, takalmin birki da matatar mai na wannan samfurin. Idan mutum uku suka ce sai an yi oda, ka sake shawara.

Ni dai yanzu tari nake yi. Abin da nake nema mai silinda ɗaya ne, cc 250 zuwa 350, doki 25 ko kusa da haka, nauyi kada ya wuce kilo 160, zama a miƙe, ciki a ɗage saboda tudun rage gudu, da ABS ko da a tayar gaba ne kawai. A cikin kuɗin na ware na hula ta gaske da safar hannu da takalmi, kuma su zan fara saya tun kafin mashin ɗin. Abokin nawa kuwa ya sa nasa a kasuwa tun bayan sallah. Jiya ma Boxer ɗina ya ara ya je ɗaurin aure Wudil.